Tsohuwar Kwamfuta a Damagaram: Ba Ƙwaƙwalwarta ke Mutuwa ba

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da ofisoshin Zinder kayan hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano ko Legas, su biyo ta Kano su iso Damagaram. A cikinsu akwai manyan injunan da aka ƙera don masu zanen gini da injiniyoyi, irin su HP Z400 da Dell Precision T3500 na 2009. Furosesar Xeon ce a cikinsu, kuma har yau suna iya aikin ɗalibin Jami'ar André Salifou ba tare da gajiya ba.

Idan irin wannan inji ya tsaya, nan da nan sai a ce ƙwaƙwalwarsa, wato furosesa, ta ƙone. Da wuya hakan ya zama gaskiya. Furosesa ba ta da wani abu mai motsi, kuma idan zafi ya yi mata yawa takan rage gudu ko ta kashe kanta. Abin da ke lalacewa shi ne akwatin wuta, da fanka, da faifan ajiya. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ya busar da man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, sannan ɗauke wutar NIGELEC da dawowarta ba shiri su ƙarasa sauran. Wani lokaci ma batirin CR2032 ne kawai ya mutu, inji ya manta kwanan wata, mai shi ya ɗauka an yi asara.

Mai neman canjin furosesa, a Kasuwar Dole ne ko a titin Beirut na Kano, ya fara sanin lambar gurbinta. Core 2 Duo gurbin LGA 775 take shiga, Z400 kuwa LGA 1366, kuma ɗaya ba ya karɓar na ɗaya. Tun 2004 Intel ta mayar da ƙananan alluran daga jikin furosesa zuwa cikin gurbin, don haka hannu mai gaggawa yana iya lanƙwasa su, allon da ke ɗauke da gurbin gaba ɗaya ya tashi aiki. Kada a biya kuɗi sai an kunna a gaban mai saye.

Babban aibin waɗannan injuna shi ne cin wuta, abin da mai sola zai ji a jikinsa. Batun manhaja kuma, Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da furosesa mai wannan shekaru ba. Linux Mint kyauta ce, tana tafiya a kansu lafiya.

Mai irin wannan inji ya busa masa ƙura kafin bazara, ya sake man sanyaya, ya sa faifan SSD da na'urar daidaita wuta kafin ya yi tunanin sayar wa 'yan gwangwan.