Kafin a yanka wayar tirafiketa

Motata Golf 3 ce ƙirar 1994, ta girmi ɗana na fari. Ran nan da almuru ina shirin shan kwana a Zariya Rod, na sa tirafiketar hagu, sai wani mai Adaidaita Sahu ya zuro kai ya ce, "Alhaji, hagu za ka yi ko birki kake takawa? Duk fitilun bayanka rawa suke yi."

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota. Yaronsa har ya ɗauko filaya zai fara ɓare waya, dattijon ya daka masa tsawa, ya juyo ya ce da ni, "Danna jan maɓallin nan tukuna." Yana nufin hazad, wadda direbobi ke kira dabul tirafiketa.

Ga hikimar. Hazad da tirafiketa ƙwai ɗaya suke kunnawa, amma a yawancin tsofaffin motoci ba hanya ɗaya wuta ke zuwa musu ba. Hazad kai tsaye take sha daga batir, shi ya sa take aiki ko an zare makulli. Tirafiketa kuwa sai an murɗa makulli, kuma galibi kowacce da fis ɗinta. To idan ka danna, kusurwa huɗun nan suka ƙyafta daidai, ƙwai da wayoyinsu sun fita daga zargi. Saura fis, da sandar da ke jikin sitiyari, da shi kansa maɓallin hazad ɗin, domin a motoci da dama wutar tirafiketa ta cikinsa take ratsawa. Ƙurar hunturu kan daskare a ciki, wani lokaci danna shi sau goma a jere ya isa ya farfaɗo. Idan kuwa duka biyun sun yi shiru, filasha ake fara tuhuma, ɗan akwatin nan mai ƙas-ƙas a ƙarƙashin sitiyari. A Golf 3 lamba 21 aka rubuta a kansa.

Tawa ba ta shiga ko ɗaya ba. Gaba lafiya lau, amma a baya fitilar hagu na lumshewa kamar mai gyangyaɗi, jar fitilar birki tana taya ta. Dattijon ya kwance gidan fitilar, ya nuna mini wata waya ruwan ƙasa wadda bakinta ya yi kore shar, ruwan damina ya shiga ta tsagewar gilashi. Ita ce "at", hanyar da wuta ke komawa jikin ƙarfen mota. Da ta toshe, sai wutar ta yi ratse ta cikin ƙwan birki. Ya kankare da samfefa, ya ɗaure tamau. Ko minti goma ba a yi ba.

Saurin ƙyaftawa ma magana ce. Ƙa'ida tsakanin sau 60 zuwa 120 ne a minti ɗaya. In gefe guda ya kama sauri kamar ana kora shi, ƙwai ɗaya ya mutu a gefen, sauka ka duba. Ƙwan mai wat 21 ne, kuma irinsa za ka mayar. Masu sa farin ƙwan LED don gayu, su ne za ka ga tirafiketarsu na fizge-fizge, saboda bai jan wutar da tsohuwar filasha ta saba ji, sai ta ɗauka ya ƙone.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaure fis da silin waya. Fis ɗin da ke ta ƙonewa, akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, sau da yawa cikin robar da ke bin murfin but. Da dattijon ya leƙa akwatin fis ɗina, biyu ya zaro an naɗe su da takardar kwalin sigari. Ya kalle ni, na kalli yaronsa. Tun wurin mai ita na farko suke, Allah shi ne shaida.