Shin Ko Kun San Ayu Ba Kifi Ba Ne?

Shin ko kun san ayun nan da masu kayan mata ke tallar mansa a 'yan kwalabe ba kifi ba ne? Dabba ce mai shayarwa! Haihuwa macen take yi, nononta kuma a hammata yake, can ɗan ke kafa baki yana tsotso a cikin ruwa.

Ina yake zaune? Ku bi ruwan Rima da ya wuce Goronyo da Wurno, ya ratsa Argungu, har ya faɗa Kogin Kwara. To, kun iso gidansa. Akwai shi a tafkin Kainji da Kogin Binuwai, har can Mali. Ƙasashe 21 ne ke da shi, tun daga gaɓar Senegal har Angola.

Girma fa? Ƙosasshen ayu kan kai mita 3 zuwa 4, nauyinsa kilo 400, buhun siminti takwas ke nan! Kuma duk wannan jiki, yawanci da ciyawar ruwa ya tara shi.

Ku canki danginsa na kusa. Dorina? A'a. Giwa ce, sai kuma rema mai zama a duwatsu! Har farata gare shi a hannayen da yake iyo da su.

Haƙoransa kuwa tafiya suke yi. Sabo ya tsiro a ƙurya, ya yi ta matsowa gaba sannu a hankali, wanda ya cinye ya faɗi. Haka har tsufa. Wuyansa ƙashi 6 ne, mu da raƙumin dawa 7-7, shi ya sa in zai waiwaya sai ya juyo gaba ɗaya.

Ga abin da ke damuna. Shekara guda macen ke ɗauke da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak, sai an yi shekaru kafin wani. Ga mashi, ga taru, ga madatsun ruwa da ke datse masa hanya, ga masu neman nama da mai. A 2013, a taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES a Bangkok, aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Kun san a da yana da wani ƙaton ɗan'uwa a Tekun Bering, mai tsawon mita 8? Turawa sun fara ganinsa a 1741. Zuwa 1768 mafarauta sun ƙarar da shi kakaf. Shekara 27 kacal!