Me Ya Sa Ɗanɗanon Waƙa Ke Ƙin Yin Sauti A Waya? Ga Yadda Za A Gyara

Kafin mutum ya sayi waƙa ko ya biya kuɗin rajistar manhaja, shafuka da dama kan ba shi ɗanɗano kyauta, yawanci na daƙiƙa 30. Kantin iTunes na kamfanin Apple kan ba da har daƙiƙa 90 idan waƙar ta wuce minti biyu da rabi. Sai dai sau da yawa ana danna maɓallin kunnawa a ga alama tana ta juyawa, ko a ga lokaci na tafiya amma shiru. A nan ne wasu ke ƙona data wajen sake loda shafi, wasu kuma su sauke manhajar da za ta jawo musu asara. Yawancin matsalolin ana warware su cikin 'yan mintuna idan aka bi su daki-daki.

A fara da wayar kanta

Idan lokacin waƙar na tafiya amma ba a jin komai, laifin na wayar ne. Android ta raba ƙarar sauti gida-gida: ta kira daban, ta ƙararrawa daban, ta waƙa da bidiyo daban. Waya na iya ringin da ƙarfi alhali ƙarar waƙa tana ƙasa. A danna maɓallin ƙara sauti yayin da waƙar ke tafiya. A kuma leƙa Bluetooth, domin sautin na iya tafiya ga iyafis da ke cikin aljihu ko lasifikar da aka manta a ɗaki.

Sai a duba data

Daƙiƙa 30 na waƙa mai ingancin kilobit 128 bai wuce kilobait 480 ba, wato bai kai rabin megabait ba. Idan ɗan wannan ya gagara, to ko sabis ya faɗo zuwa 2G, wanda alamar E ke nunawa a saman allo, ko kuma datar da aka saya ta shafukan zumunta ce kawai. Irin wannan data tana buɗe WhatsApp da Facebook, amma da zarar an danna mahaɗin da zai kai mutum wani shafi, sai komai ya tsaya.

Burauza ma na da nata laifi

Tun 2018 Chrome ta daina barin shafuka su kunna sauti da kansu, sai mai waya ya taɓa shafin. Don haka a danna maɓallin da hannu. Idan bai yi ba, a shiga Site settings, a tabbatar Sound a kunne yake. Masu Opera Mini su sassauta tsarin tattalin data, domin mafi tsananinsa yana matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ya iso waya, kuma abin kunna waƙa kan lalace a hanya. Mahaɗin da aka buɗe daga cikin Facebook kuwa, gara a kwafe shi a kai Chrome. Kwanan wata da ba daidai ba a waya shi ma kan hana shafuka masu tsaro buɗewa.

Idan laifin na shafin ne

Wasu tsofaffin shafuka sun dogara da Flash, wanda kamfanin Adobe ya daina tallafa wa a ƙarshen 2020. Waƙoƙinsu ba za su yi a wayar zamani ba, komai aka gwada. Wata waƙar kuma lasisinta bai shafi ƙasar da mutum yake ba. Mafita ita ce a neme ta a Audiomack, Boomplay, YouTube ko Spotify, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2021.

Abin da za a guje wa

Duk shafin da ya ce sai an sauke wata manhaja ta musamman kafin a ji ɗanɗanon waƙa, ko ya nemi lambar katin banki, a rufe shi nan take. Burauzar zamani na kunna MP3 da kanta. Irin waɗannan manhajoji da ba daga Play Store suka fito ba kan cika waya da tallace-tallace, wasu ma har su karanta saƙonnin banki.