Gidan da Ke Girma Ɗaki-Ɗaki

A ƙasashen waje yanzu ana ƙera ɗakuna a masana'anta, a kawo a jona. Idan iyali sun ƙaru, a ƙaro wani. Mu a Kazaure mun daɗe da irin wannan dabara. Ɗa ya yi aure, a ja masa sashe a gidan mahaifinsa, zaure da rijiya kuma na kowa ne. Ɗakin tubali da azara ya fi na bulo da kwano sanyi lokacin bazara. Matsalarsa ruwa: ambaliyar 2022 ta rusa gidajen ƙasa da yawa a Jigawa. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gauraya laka da siminti kaɗan, ya gina makarantar Gando a 2001. Mu kuwa ga duwatsun Roni kusa, sun ishe mu harsashin gini.