Na'urorin Shaƙar Iska Masu Araha da Auna Nunar 'Ya'yan Itace

Ayaba da mangwaro da gwanda da tumatir suna cikin 'ya'yan itacen da ke ci gaba da nuna bayan an tsinke su. Abin da ke jagorantar wannan nuna wata iska ce mai suna etilin, wadda ɗan itacen kansa ke fitarwa. A shekarar 1901 Dimitry Neljubow ya gano a ƙasar Rasha cewa etilin ɗin da ke cikin gas na fitilu shi ne ke sauya yadda tsiron wake ke girma, sannan a 1934 Richard Gane ya tabbatar a Ingila cewa tuffa tana samar da iskar da kanta. Lemo da abarba kuwa ba su cikin wannan rukuni, don haka auna etilin ba ya bayyana nunarsu sosai.

Wahalar ita ce iskar ba ta da launi, kuma ƙasa da kashi 1 cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa ya ingiza nuna. Na'urar tantance gas ta ɗakin gwaji tana iya auna wannan, amma tsadarta ta fi ƙarfin manomi da dillali. Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga ƙananan na'urori irin waɗanda Naoyoshi Taguchi ya ƙirƙira a Japan cikin shekarun 1960 domin gano yoyon gas a gidaje. Zuciyar na'urar ita ce ɗan sinadarin kuza da ake ɗumamawa zuwa ɗaruruwan digiri. Oksijin yana manne a jikinsa yana tauye gudanar lantarki. Idan wata iska mai ƙonuwa ta iso sai ta kwashe oksijin ɗin, lantarkin ya ƙaru, ƙaramar kwamfuta irin Arduino ta karanta canjin.

Sai dai arha tana da nata farashin. Na'urori irin su MQ-3 da MQ-135 ba don etilin aka ƙera su ba. MQ-3, alal misali, barasa take shaƙa, kuma ɗan itace ya fi fitar da barasa idan ya luɓe. Saboda haka na'urar kan ba da labari ne bayan lokacin sayarwa ya ƙure. Haka kuma danshi da zafi suna sauya sakamakonta, ta yadda wadda aka daidaita a lokacin hunturu a Kano za ta iya yin ƙarya idan damina ta kankama. Duk binciken da bai bayyana yadda ya magance waɗannan ba, ya kamata a karanta sakamakonsa da taka-tsantsan.

Hanyoyi biyu ake bi don rage matsalar. Ta farko ita ce haɗa na'urori da dama wuri guda a koya wa kwamfuta gane salon amsarsu, wato abin da ake kira hancin lantarki, wanda Persaud da Dodd suka gabatar a Jami'ar Warwick a 1982. Ta biyu ita ce ƙera na'urar da etilin ke maƙale wa kai tsaye, kamar wadda ayarin Timothy Swager na cibiyar MIT ta Amurka ya bayyana a 2012, wadda ta haɗa siraran zaren kabon da sinadarin tagulla.

Amfanin wannan fasaha a fili yake ga mai ɗaukar tumatir a kwanduna daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, inda nunanne ɗaya ke gaggauta nunar maƙwabtansa a hanya. Akwai kuma batun lafiya: sinadarin kabayid na masu walda, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da shi, asetilin yake fitarwa, kuma yakan zo da gurɓin guba irin arsenik. Na'urar da za ta bambance asetilin da etilin a rumfunan kasuwar 'Yan Lemo za ta fi amfani ga jami'in sa ido fiye da duba launin ɓawo.