SAWU A INTANET: Bayani ga Hakimai da Malamansu a kan Tsare Asirin Jama'a

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da Malamansu, da kuma Dagatai da Masu Unguwa da ke ƙarƙashinsu. Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a karanta shi a gaban majalisarsa, sa'an nan a ajiye shi a ofis inda Malami zai riƙa dubawa.

1. Mene ne sawu?

Kowa ya san aikin mai bin sawu. In an sace saniya da dare, da gari ya waye sai a kira shi, ya dubi ƙasa ya ce ta nan aka bi da ita, mutum biyu ne, ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ɓarawo bai yi nufin barin labari ba, amma ƙafarsa ta rubuta. To, haka al'amarin wayar hannu ya ke. Duk wanda ya kira wani, ko ya aika da saƙo, ko ya sa hoto a Facebook, ko ya biya kuɗi ta waya, ya bar sawu. Sai dai sawun ƙasa iska ta kan share shi, ruwa ya kan wanke shi, amma na intanet ya kan yi shekara da shekaru yana nan, a ajiye cikin manyan na'urorin kamfanoni, waɗansunsu ma a ƙasashen waje.

Sawun nan iri biyu ne. Akwai wanda mutum ya bari da saninsa, kamar rubutu da hoto da saƙon murya. Akwai kuma wanda wayar ke bari ba da saninsa ba, watau inda ya ke tsaye, da lokacin da ya yi kira, da lambobin mutanen da ke cikin wayarsa, da abubuwan da ya bincika. Hoto ma da kansa ya kan riƙe ranar da aka ɗauke shi da irin wayar, har da wurin, in an bar abin nuna wuri a kunne.

2. Ina ruwan Hakimi da wannan?

A dā asirin ƙasa yana cikin akwati ne: littafin haraji da na jangali, da takardun iyakar gonaki, da wasiƙun Sarki. Mabuɗi yana hannun Malami, wanda ke son gani kuwa sai ya tako da ƙafarsa. Tun da aka soma wayar salula a Nijeriya cikin 2001, sannu a hankali akwatin nan ya koma aljihu. Yau jerin sunayen waɗanda za a ba taki ko tallafi, da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da ƙarar da ta shiga tsakanin miji da mata, da rahoton baƙin fuska da Dagaci ya aiko, duk suna iya kwana cikin wayar Malami.

Waɗannan abubuwa ba na Malami ba ne, ba kuma na Hakimi ba ne. Amanar talakawa ce. A gundumomin da 'yan bindiga suka addaba, sanin wanda ya sayar da shanu jiya, ko wanda ya karɓi kuɗi, ko ranar da Hakimi zai tafi gari, shi ne abin da masu kai musu labari ke nema. Mutumin da ya zo da dare ya tsegunta wa Hakimi inda ɓarayi su ke, ransa ya ɗora a hannun Hakimi. In sunansa ya fita, ba shi kaɗai aka cuta ba, gama daga ran nan ba wanda zai sake kawo labari.

3. Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa asirin gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Cikin watan Yuni 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai. Dokar ba ta tsaya ga kamfanoni kaɗai ba, ta haɗa da ofisoshin hukuma. Ga jigonta a taƙaice:

(a) Kada a karɓi bayanin mutum sai da dalili na halal, kuma a gaya masa dalilin.

(b) Kada a karɓi fiye da abin da aikin ke bukata, kada kuma a riƙe shi bayan bukatar ta wuce.

(c) Mutum yana da ikon ya nemi ganin abin da aka rubuta game da shi, ya sa a gyara kuskure, ko ya janye yardar da ya bayar.

(d) Labarin lafiyar jiki, da addini, da ƙabila, da ra'ayin siyasa, da zanen yatsa, suna bukatar tsaro na musamman.

(e) In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, lalle ne a sanar da Hukumar cikin awa 72.

Tara tana iya kai Naira miliyan 2, ko miliyan 10 ga manyan masu riƙe bayanai, ko kuwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara in shi ya fi yawa. Kada a zaci ƙanana kaɗai a ke kamawa. Cikin watan Yuli 2024 hukumar Tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma yadda ya sarrafa bayanan 'yan Nijeriya yana cikin laifuffukan da ta lissafa.

4. Lambobin da su ne mabuɗin gida

Akwai lambobi huɗu da ya kamata kowane Malami ya san bambancinsu. Ta fari ita ce lambar ɗan ƙasa, watau NIN, mai alƙaluma 11, wadda tun Disamba 2020 Gwamnati ta umarta a haɗa ta da kowane layin waya. Ta biyu ita ce BVN, ita ma mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita cikin 2014. Ta uku ita ce lambar sirri ta katin banki. Ta huɗu kuwa ita ce 'yar lambar nan ta wucin gadi da banki ko WhatsApp ke aikowa ta saƙo.

Biyun farko a kan nuna su inda doka ta bukata, amma ba a yaɗa su. Biyun ƙarshe kuwa ba a gaya wa kowa, ko da ma'aikacin banki ne. Dabarar ɗan damfara ita ce ya fara samun sunan mutum da garinsu da BVN ɗinsa daga wata takarda da aka yi sakaci da ita. Sa'an nan ya kira shi, ya ambaci waɗannan duka daidai, har mutumin ya sakankance cewa daga banki ne. Daga nan sai ya ce, "Karanto mini lambar da ta shigo yanzu." Da ya karanta, an gama. Ashe kuwa rabin aikin ɓarawo wanda ya saki takardar ne ya yi masa.

Har wa yau a sani, wanda ya tsinci waya ko ya sace ta yana iya cire layin ya sa a wata, ya latsa waɗansu 'yan lambobi, layin ya nuna masa NIN da BVN na mai shi. Saboda haka kulle fuskar waya kaɗai bai isa ba, sai an kulle layin kansa da lambar sirri.

5. Kafofin da asiri ke bi ya fita

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tsagar da aka fi samu.

A ce an umarci Malami ya tattara sunayen mutum 200 da za a ba tallafi, kowa da lambar wayarsa da ta asusunsa. Don gaggawa sai ya ɗauki hoton jerin ya sa a zauren WhatsApp na Dagatai. Wani Dagaci ya tura wa ɗansa don ya karanta masa, ɗan ya tura wa abokinsa don ya ga sunan babansa. Kafin la'asar jerin ya kai inda Malami bai taɓa zuwa ba. Ko ya goge nasa, waɗanda suka riga suka tura ko suka ɗauki hotonsa suna da nasu. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi.

Sauran kafofin su ne: shagon buga takardu, inda a kan bar kwafe cikin kwamfutar mai shago, wurin cajin waya da wurin mai gyara, inda waya ke yini a hannun wani, tsofaffin takardun ofis da ke ƙarewa a hannun mai ƙosai da mai tsire, da layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, gama kamfani ya kan sake sayar da shi, saƙonnin banki su riƙa zuwa ga sabon mai shi. Akwai kuma manhajojin bashin gaggawa, waɗanda ke kwashe lambobin da ke cikin waya, in mutum ya makara da biya su aika wa surukansa da maƙwabtansa saƙon cin mutunci. Abin ya kai har cikin 2022 hukuma ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas.

6. Ƙa'idodin da ya kamata a bi a ofis

(a) A ware waya ɗaya don aikin ofis, kada yara ko barori su riƙa wasa da ita.

(b) A kulle waya da layi da lambar sirri wadda ba shekarar haihuwa ba ce, ba kuma 1234 ba. A sa wa WhatsApp makulli na biyu.

(c) Jerin sunaye mai lambobin asusu a kai shi hannu da hannu, ko a aika wa jami'in da ya nema shi kaɗai, ba zaure ba.

(d) Sunan mai kawo rahoton tsaro kada a rubuta shi a waya sam. Wannan da baki a ke faɗa.

(e) Kada a sanar da tafiyar Hakimi ko sa hotonta sai bayan ya komo.

(f) Kada a ɗauki hoton masu ƙara, ko marasa lafiya, ko marayu masu karɓar taimako, sai da yardarsu ko ta iyayensu.

(g) In an buga takarda a shago, Malami ya tsaya sai an goge kwafen a gabansa. Takardun da aikinsu ya ƙare kuma doka ba ta ce a adana ba, a ƙone su.

(h) In Malami ya bar aiki ko aka yi masa canji, ya miƙa bayanan ofis, a kuma sake lambobin sirri duka.

7. In ɓarna ta riga ta auku

Kada kunya ta sa a ɓoye. In waya ta ɓata, a sa kamfani ya rufe layin nan take, a gaya wa banki ya tsai da asusun, a kai rahoto ga 'yan sanda. In jerin sunaye ne ya fita, a sanar da Hakimi da Ƙaramar Hukuma a ran nan, Masu Unguwa kuma su bi mutanen da abin ya shafa su gargaɗe su cewa kada su amsa wa mai kira da sunan banki. Jinkirin kwana ɗaya ya isa a kwashe abin da mutum ya tara a damina guda.

8. Kammalawa

Talakawa su kan ɗauki maganar Hakimi fiye da ta takarda. Saboda haka ana roƙon Hakimai su sa a yi shela a kasuwa, su kuma roƙi Limamai su tunatar a masallatai, da abu uku: kada a karanta wa kowa lambar da ta shigo waya, kada a ba baƙo aron layi ko a yi masa rajista da sunan wani, kada kuma a tura asirin wani don kawai an samu.

Kakanninmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Malamin kirki a dā an san shi da riƙe baki. Na yau kuwa sai ya haɗa da riƙe yatsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.