Filin Manoma: Kainuwar Bakin Teku Da Masu Lambu

Jama'a, a makon nan za mu bar tudu mu gangara bakin teku, wajen Ikko da Badagry, inda 'yan'uwanmu da yawa ke noman lambu. Akwai wata ciyawa can wadda ta dami masunta da masu kwalekwale da masu lambu baki ɗaya. Ta yi kama da kainuwar da muka sani a kududdufi, amma ta fi ta tsawo. Ganyenta na ƙyalli, gindin ganyen a kumbure yake, furenta kuwa shuɗi-shuɗi ne.

Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, wajen kogin Amazon. Kyan furen nan shi ya ruɗi mutane suka yi ta kai ta ƙasashe. A cikin 1984 ta shigo ruwan Badagry daga ƙasar Benin. Kadan ta sami ruwan daɗi, cikin mako biyu sai ta ninka kanta, 'ya'yanta kuwa suna iya kwana cikin laka shekaru da yawa ba su mutu ba. Inda ta rufe ruwa, kwalekwale ba ya wucewa, kifi ya rasa iska, sauro kuwa ya sami gida. Ruwan gishiri ne ba ta jurewa. Saboda haka da rani, sa'ad da ruwan teku ya shigo tafki, sai ta ja baya ta laɓe a ƙananan ƙoramu, da damina ta sāke fitowa.

To, yaya za a yi da ita? Waɗansu sukan ce a fesa magani a huta. Ni dai na taɓa ganin wani mai lambu ya yi haka a ƙoramar da yake ɗiban ruwa. Ciyawar ta mutu, ta nutse, ta ruɓe, ruwan ya yi wari, ƙananan kifi suka taso matattu. Bayan wata biyu ga ciyawa ta dawo, kuɗinsa kuwa sun tafi.

Abin da ya fi shi ne aikin gayya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu lambu da masunta na unguwa ɗaya su sa rana da rani, lokacin da ta ragu, su bi ƙoramu da manjagara su janye ta tun ba ta yi fure ba. A kai ta kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, a shanya kwana uku, gama kusan duk nauyinta ruwa ne. Sa'an nan a tsiba ta: shimfiɗar ciyawa, shimfiɗar kashin kaji, a barbaɗa toka, a sāke. Kada a gina rami, don a bakin teku ruwa kusa yake. A riƙa juyawa bayan kowane mako biyu. Cikin wata biyu ko uku ta zama taki. Ƙasar wurin rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, takin nan kuwa shi ke ba ta jiki. Busasshiyar kuma in an shimfiɗa ta tsakanin kunyoyi takan tsare laima, ta danne ƙananan ciyayi. Amma a kula, kada a yi taki da wadda ta tsiro a ruwan da ke fitowa daga masana'anta, don tana shan dafin da ke ciki.

Har wa yau muna da mataimaka waɗanda ba a biyansu lada. Tun 1991 masanan cibiyar IITA suka saki waɗansu ƙananan ƙwari a ƙasar Benin, waɗanda abincinsu ke nan, suna huda ciyawar har ta raunana. A lambu kuma kwaɗo da ƙadangare da tsuntsaye suna cin ƙwarin da ke ɓata ganye, ƙudan zuma shi ke sa kabewa da kankana su yi 'ya'ya. Wanda ya yi ta fesa magani barkatai ya kashe ma'aikatansa da hannunsa. Saboda haka a bar shinge mai rai, kamar na zogale, a gefen lambu. Kada a sare itatuwan bakin ruwa masu saiwa a waje, don nan 'ya'yan kifi ke girma. In fesawa ta zama tilas, a yi da yamma bayan zuma ya koma, kada kuma a wanke tukunyar feshi a ƙorama.

Mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda kachalla ta toshe musu hanyoyin ruwa, sun san zafin irin wannan ciwo. Ruwa na kowa ne, gyaransa ma na kowa ne. In ka share gabanka, na sama da kai bai share ba, gobe tasa za ta gangaro maka. Sai a je a ga mai unguwa a sa ranar gayya tun damina ba ta faɗi ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Malamin Gona